Abin da Ke Cikin Dafin Kububuwa

Idan aka ambaci furotiyomiks, wato ilimin nazarin dukkan furotin da ke jikin wata halitta a lokaci guda, hankali yakan tafi ga binciken sankara a Turai. Ni kuwa na fi ganin amfaninsa a Kaltungo ta jihar Gombe, inda manoman da maciji ya sara ke cika asibiti duk damina.

Dafin kububuwa gaurayen furotin ne iri-iri. Mafi yawansu masu huda jijiyoyi ne da hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara yakan zubar da jini har ta dasashi. Masana irin su Juan Calvete na ƙasar Sifen sukan rarrabe dafin, su daddatsa kowane furotin, su auna nauyin gutsattsarinsa da na'ura, ta haka su gane irinsa da yawansa. Daga nan sai su gauraya dafin da makarinsa, su ga waɗanda makarin ya kama da waɗanda suka kuɓuce masa.

A ganina wannan gwaji na biyu shi ne magana. A wani asibitin karkara a Gana, da aka koma ga makarin da aka haɗa da dafin kububuwar Indiya, masu mutuwa sun tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari. Macizan dangi ne, amma furotin ɗin dafinsu ya sha bamban. Makarin EchiTAb kuwa, da aka haɗa a Birtaniya da Kostarika, da dafin macizan Nijeriya aka yi shi. Da ni ce hukumar NAFDAC, ba zan yi wa wani makari rajista ba sai na ga sakamakon irin wannan gwaji.

Aikin dai ba shi da sauƙi. Na'urar tana da tsada, ba ta jure ɗaukewar wuta, kuma furotin masu yawa sukan danne ƙanana, alhali ƙaramin na iya zama mai kisa. Ga shi dafin jinsi ɗaya ma yakan bambanta daga yanki zuwa yanki.

A Janairun 2025, ayarin David Baker, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, ya wallafa sakamakon wasu furotin da aka tsara da kwamfuta, waɗanda suka kare ɓeraye daga gubobi masu kisa. Sai dai gubobin na dangin gamsheƙa ne, na kububuwa kuwa wani iri ne daban.