Ba Sanyi Ke Kashe Dashe a Kuyello Ba

Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro ko gwaiba ko yazawa a Kuyello ya san lokacin da hankalinsa ke tashi. Ruwa ya ɗauke a Oktoba, iska ta juyo daga arewa maso gabas, kafin Janairu ganyen dashe ya nannaɗe ya yi ja. Sai ka ji ana cewa sanyi ya ƙone shi. Alhali sanyinmu bai kai nan ba. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da tsofaffi ke kwana da wuta a ɗaki, ruwan randa ba ya daskarewa a ƙasar Birnin Gwari.

Waɗanda sanyi ke yi wa ɓarna da gaske su ne masu renon agabe a Turai da arewacin Amurka. Tsiro ne mai kaurin ganye da ƙaya, kamar kabar giwa, asalinsa Meziko.  Ganyensa cike yake da ruwa, idan dare ya yi tsanani sai ruwan ya zama ƙanƙara ya farfasa naman ganyen ta ciki. Duk da haka akwai irin da ke fitowa a duwatsun Arizona, wanda ke jure digiri 15 ƙasa da sifili muddin gindinsa a bushe yake. Laima ce ke haɗuwa da sanyi ta ruɓar da saiwa. Shi ya sa suke dasa shi cikin tsakuwa, su yi masa rumfa, ƙananan kuwa su shigar da su ɗaki har sanyi ya wuce.

Tamu matsalar ƙishirwa ce. Iskar hunturu ta ratso hamada ɗauke da ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi, a bushe ƙayau, tana zuƙe ruwan ganye fiye da abin da 'yar saiwa za ta iya jawowa. Agabe sai da dare yake buɗe ƙofofin numfashin ganyensa, don haka ba ya asarar ruwa da yawa. Mangwaro ba shi da wannan dabara. Ga awaki da aka saki bayan kaka, ga gara, ga wutar daji.

To, ta yaya doka da maje da kaɗanya ke tashi a dajin Kamuku, inda babu mai yi musu ban-ruwa? Shekarunsu na farko ƙasa suke yi, ba sama ba. Wuta ta lashe kan tsiron, saiwa tana nan, da ruwa ya sauka ya sake tohowa. Nan ne nake ganin kuskurenmu: dashe a ƙarshen Agusta, bayan an gama noma an huta, ko bikin dashen itatuwa da ake yi don ɗaukar hoto. Abin da aka dasa a Yuni ya sha damina guda saiwarsa na nitsewa. Na Agusta kuwa hunturu zai riske shi saiwa na sama-sama.

Ban-ruwa ma sai da lura. Yayyafi kullum yana tsayar da saiwa a saman ƙasa. Gara a ƙosar da gindin sau biyu a mako, ko a binne tulu kusa da shi a riƙa cikawa, ruwa na tsattsafowa a hankali. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa karan, don kada a kira gara. A kafa zana ta inda iska ke bugowa, a kewaye da ƙaya, a share ciyawar da ke kewaye saboda wuta.

Kuma kada a ajiye bokiti don an ga hazo ya washe a Fabrairu. Zafin Maris da Afrilu ne ke ƙarasa dashen da hunturu ya galabaitar, don haka ban-ruwa sai damina ta kankama.