Yaƙin Samudawan Ƙarfe: Tun Daga Gareji Ake Cin Nasara

Filin namu na wannan wata ya faɗa kan wani wasan kwamfuta mai suna BattleTech, wanda ake yaƙi a cikinsa da waɗansu manyan injuna masu tafiya da ƙafa biyu kamar mutane. Masu wasan suna kiran injin nan "mek", mu kuwa a nan za mu kira shi basamuden ƙarfe, domin ƙaraminsu tan 20 ne, babbansu tan 100, kuma mutum ne yake zaune a cikin kan kowanne yana tuƙa shi. Wanda ya hango allon daga nesa zai ɗauka harbe-harbe ne kawai irin na sauran wasannin yara. Wanda kuwa ya zauna ya kama wasan, ba zai yi mako guda ba sai ya gane cewa rabin aikin lissafi ne irin na mai gareji, kuma yawancin waɗanda jarinsu yake karyewa a ciki, tun daga garejin suka kā da kansu.

Asalin wasan ba na kwamfuta ba ne. Wani kamfani mai suna FASA a birnin Shikago na ƙasar Amurka ya fito da shi a 1984, ana yin sa a kan tebur da taswirar takarda da 'yan gumakan roba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, Jordan Weisman, shi ne ya dawo bayan shekara talatin ya nemi gudummawar masoya wasan ta intanet a 2015, mutum sama da 41,000 suka tara masa fiye da dala miliyan 2.7. Kamfaninsa Harebrained Schemes ya yi aikin, kamfanin Paradox Interactive na ƙasar Suwidin ya fitar da shi kasuwa a watan Afrilu na 2018. Bi da bi ake yin sa kamar dara, kai ka taka, abokin gaba ya taka, saboda haka saurin yatsa ba ya amfana wa kowa komai.

Labarin ya faru ne a shekara ta 3025, can a cikin taurari. Wata gimbiya mai suna Kamea Arano kawunta ya ƙwace mata sarauta, ita kuma tana neman ta karɓo. Kai mai wasa shugaban wani ƙaramin kamfanin sojan haya ne, ana ba ka kwangilar yaƙi ana biyanka. To, a nan ne gizo yake saƙar. Duk bayan kwana 30 sai an kawo maka takardar kuɗin wata: albashin direbobi, kuɗin kula da samudawan da suke tsaye a gareji, da na jirgin da yake ɗaukarku. Ranar da kuɗin da ke hannunka suka kasa biyan wannan takarda, wasa ya ƙare ke nan, ko da ba a taɓa cin ka a fagen fama ba. Kuma komai yawan samudawan da ka tara, guda huɗu rak za ka saukar a kowane yaƙi.

Bari mu shiga garejin, don a nan ne maganar take da nauyi.

Kowane basamude yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, ba ya ƙara ko rabin tan a kai. A cikin wannan iyaka ne za ka raba bindiga, da albarushi, da sulke, da na'urar sanyaya jiki wadda take aikin lagireto, da kuma injin tsalle in kana so. Duk abin da ka ƙara, dole wani abu ya sauka. Alal misali, akwai wata babbar igwa da ake kira AC/20. Harbinta guda yana cin maki 100 a jikin abokin gaba, amma nauyinta tan 14 ne, ga shi tan guda na albarushinta harbi biyar kaɗai yake yi. A gefe guda akwai matsakaiciyar bindigar haske, wato leza, mai tan guda, wadda take cin maki 25 kuma ba ta bukatar albarushi. Ka ga leza huɗu sun yi ɓarnar igwar nan da tan huɗu kacal. Mai gaggawa zai ce ai magana ta ƙare, a zubar da igwa. Ba ta ƙare ba. Harbin leza huɗu yakan warwatsu, ɗaya a hannu, ɗaya a ƙafa, biyu a ƙirji, alhali igwar wuri guda take zuba makinta 100, ta huda sulke ta shiga ciki. Kan basamude gaba ɗaya bai wuce maki 61 ba, don haka in ta sami kai, direba ya tafi. Sa'an nan leza zafi take tarawa.

Zafi shi ne babban abokin gaban sabon shiga. Basamude yana zubar da maki 30 na zafi a kowane zagaye da kansa, kowace lagireto mai tan guda kuma tana ƙara masa uku kacal. In zafi ya haye jan layi, ƙashin injin na ciki ne zai fara lalacewa, in ya kai maƙura sai injin ya mutu a tsaye a tsakiyar fili, abokan gaba su zaɓi inda suka ga dama su harba. Wajibi ne kuma mutum ya duba irin ƙasar da za a yi yaƙin kafin ya sa hannu a kwangila. Basamuden da yake harbi lafiya lau a ƙasar ƙanƙara, in aka kai shi hamada ko duniyar da ba ta da iska, harbi biyu zai yi ya fara haki. Tsayawa cikin ruwa yana taimakawa ƙwarai, kuma naushi da shuri ba sa tara zafi ko kaɗan, saboda haka in jiki ya ɗau zafi, gara a matsa a kai duka da hannu a bar bindigogi su huce.

Amma a ganinmu, babban sirrin garejin nan sulke ne, kuma dalilin na kuɗi ne. A ƙa'idar wasan, duk sulken da aka farfasa maka a yaƙi, kanikawanka za su mayar da shi kyauta, ba kwabo, ba jiran kwana. Da zarar harsashi ya wuce sulke ya taɓa ƙashin ciki, to an shiga biyan kuɗi da zaman jira. In kuwa hannu ya guntule, ya tafi da duk bindigar da ke jikinsa, har da mai ingancin nan da ka sha wuya kafin ka samo. Yawancin samudawan da suke zuwa hannunka ba a cika musu sulke ba, an loda musu bindigogi an bar fata sakayau. Akwai wani mai tan 65 da ake kira JagerMech, igwa huɗu gare shi, abin sha'awa a ido, amma sulkensa bai kai na waɗansu da ba su kai shi nauyi ba. Shawararmu ga mai irin wannan ita ce ya sauke bindiga ɗaya ko biyu ya zuba nauyin a sulke, tan guda maki 80. Ɓarnar da zai yi a kowane zagaye za ta ragu, gaskiya ne, amma zai dawo gida da hannuwansa biyu, ya karɓi wata kwangilar washegari, a lokacin da mai yawan bindiga yake zaune yana ƙirga kwanaki, takardar wata kuma tana matsowa.

Sai inda ake ajiye albarushi. In harsashin abokin gaba ya sami akwatin albarushi, fashewa yake yi ya tafi da sashen da yake ciki, ya kuma ji wa direba ciwo. Wanda ya ajiye shi a tsakiyar ƙirji ya kwanta a kan bam ke nan, don in tsakiyar ƙirji ta tafi, basamuden ya tafi. Masu wayo a ƙafa suke sa shi.

Direbobi ma ana ɗaukaka su, ta fanni huɗu: iya harbi, iya tuƙi, juriya da dabara. Ba za mu tsawaita a nan ba, sai dai a tuna cewa direban da ya ji ciwo yakan yi makonni a asibitin jirgi yana cin albashi, wanda ya mutu kuwa ba ya dawowa. Kamfanin da yake da gwanaye huɗu kaɗai, rana guda zai wayi gari ba mai tuƙi. A riƙa ba ƙanana ƙananan kwangiloli su koyi hannu.

To, an fito daga gareji, an sauka fili. Abu na farko da za a sani shi ne masu sauƙin nauyi su suke fara takawa a kowane zagaye, sai matsakaita, sai manya, ƙattan ƙarshe su zo a baya. Ana kuma iya jinkirta taku. Ƙaramin basamude zai iya laɓewa bayan dutse har kowa ya gama, ya fito ya yi harbi, sabon zagaye ya zo ya sake yin harbi tun kowa bai motsa ba. Gudu kansa kariya ne, domin gwargwadon nisan da basamude ya yi, gwargwadon wuyar samunsa, sai dai kowane hari da aka kai masa yana rage wannan kariya. Don haka in ƙaramin abokin gaba yana ta zillo, a fara sa masu ƙananan bindigogi su harbe shi ko da za su kuskure, a ajiye babbar igwa sai ya zama a sarari.

Abu na biyu, gefen da ka juya. Harbin da ya zo daga dama, sassan dama yake ci, na hagu kuma hagu. In an raunata maka hannun dama, juya ka ba su hagu. Baya kuwa sulkensa siriri ne a kusan kowane basamude, kada ka ba kowa, kai kuma ka nemi na kowa. Akwai wani mai tan 50 da ake kira Hunchback, wato mai ƙusumbi, wanda yake ɗauke da igwar AC/20 a kafaɗarsa ta dama. Wanda ya fuskance shi gaba da gaba ya nemi wa kansa. A zagaya ta damansa, samudawa huɗu su haɗu a kan kafaɗar nan, da ta faɗi ya zama kura ba haƙori. Haka dokar take a ko'ina: abokin gaba huɗu masu rauni duk suna harbi, amma uku masu lafiya da gawa ɗaya, bindigogin uku kaɗai za ka sha. A tsaya cikin itatuwa don suna rage ɓarna, a hau tudu don harbi daga sama ya fi samu, mai rokoki masu dogon zango kuma ya tsaya can baya, wani ya hango masa, shi ya yi ta aikawa ta saman dutse.

Abu na uku shi ne ganima, kuma shi ne ya ɗaure fagen fama da gareji. Sayen sabon basamude a kasuwa tsada gare shi ƙwarai, don haka yawanci daga ɓaraguzan abokan gaba ake haɗa shi. Duk wanda ya taɓa shiga Magazin na Suame a Kumasi ya ga yadda ake tayar da mota guda daga gawar uku, ya san aikin. A nan ma guntu uku na iri ɗaya ake tarawa su zama basamude. Yawan guntun da za ka samu kuwa ya danganta da yadda ka kashe shi. In ka fasa tsakiyar ƙirji, guntu ɗaya. In ka karya ƙafafu biyu, guntu biyu. In ka fasa kai, ko ka jigata direban har ya kasa, uku cif, basamude sukutum ke nan. Ana jigata direba ta hanyar kayar da injinsa ƙasa da ruwan rokoki, ko fasa gefen ƙirji. Wannan yana cin lokaci, kuma muddin ƙaton yana tsaye yana harbinka. A nan kwaɗayi yake kashe mutane. Mu dai abin da muke gani shi ne a fara share ƙananan da suke kewaye da shi, in ya saura shi kaɗai sa'an nan a yi masa yankan hankali. In kuwa sulkenka ya fara ƙarewa, a fasa ƙirjin a huta, guntu ɗaya ya fi hannun da zai guntule.

Tun wajen cinikin kwangila ake shirya wannan, don mai ba da aiki yakan ba ka zaɓi, ko kuɗi da yawa da ganima kaɗan, ko ganima da yawa da kuɗi kaɗan. In akwai kuɗin wata biyu ko uku a ajiye, a nemi ganima. In asusu ya yi ƙasa, a karɓi kuɗi ba kunya. Ana nuna wuyar kowace kwangila da alamar ƙoƙon kai, daga rabi zuwa biyar, amma kada a amince da ita ɗari bisa ɗari, domin sau da yawa ana cikin fafatawa da huɗu sai ga waɗansu huɗu sun ɓullo ta baya. Wasan ya ba da damar janyewa, jirgi ya zo ya kwashe ku. Sunan kamfani zai ɗan zube a idon mai aikin, amma in an yi wani abin a zo a gani kafin a janye, akan biya wani kaso na kuɗin. Haka kuma direban da injinsa ya kusa tarwatsewa, ana iya sa kujerarsa ta harbo shi waje ya tsira.

Wani abin da ake mantawa: basamuden da yake tsaye a gareji yana cin kuɗi kowane wata ko bai fita ba, wanda aka kwance aka kai sito kuwa ba ya cin komai. Shida ko takwas masu lafiya sun ishi ƙaramin kamfani, sauran a ajiye ko a sayar.

Wasan na kwamfuta ne, ba a yin sa a wayar hannu, kuma akwai shi da Turanci da Faransanci. An yi masa ƙari uku, Flashpoint a 2018, sai Urban Warfare da Heavy Metal a 2019. Wanda ya gama labarin gimbiya, akwai wani sashe da ake sakinsa da ƙananan samudawa da ɗan jari, ba gimbiya ba mai tallafi, a ba shi kwana 1,200 a ga inda zai kai kamfanin.