Hulba, 'Yar Uwar Wake

Yawancinmu mun san hulba a faifan masu kayan yaji, waɗannan ƙananan 'ya'ya masu launin ɗorawa, masu tauri kamar tsakuwa. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ganin ta a gona. Danginsu ɗaya da wake da gyaɗa. Tsawonta bai cika wuce gwiwa ba, ganyenta uku-uku ne, kowane kwanso kuwa yakan ƙunshi 'ya'ya 10 zuwa 20.

Sunan ma daga Larabci muka aro shi. Tsohuwar shuka ce ƙwarai, gama an sami 'ya'yanta a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a Masar a 1922. Ƙasar Indiya ta fi kowace ƙasa noman ta, musamman a jihar Rajastan. A can suna miya da ganyen, suna kuma niƙa 'ya'yan cikin garin kori. Mutanen Masar shayinta suke sha, a Sudan kuwa ana dama kununta da madara domin mai jego.

Wanda ya tauna ta ɗanya ba zai so ya maimaita ba, don ɗaci. Dabarar ita ce a ɗan soya ta sama-sama ba mai, ko a jiƙa ta ta kwana. In ta ƙone, ɗacin ƙaruwa yake yi. Mai yawan shan ta kuma, guminsa da fitsarinsa sukan ɗauki ƙamshinta, har na kusa da shi su gane.

Wajen magani ne ya kamata mu natsu. Idan hulba ta jiƙa takan yi yauƙi, wannan yauƙin ne yake rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci. To, mai ciwon sukari da yake shan maganin asibiti, in ya haɗa da hulba da yawa, sukarinsa yana iya sauka fiye da kima, jiri ya kwashe shi. Sai ya fara tambayar likita. Haka ma mai shan maganin tsinka jini.

Iyayenmu mata suna ba masu shayarwa don kawo ruwan nono. Mai ciki kuwa ɗan abin da ke cikin miya ya ishe ta, domin da yawa tana iya motsa mahaifa. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, shi ma ya yi hankali, tun da gidansu ɗaya.