Daga Ɗan Barto zuwa teburin babban otel: me sefa ke saye a Kano?

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Damagaram zuwa Kano ya san tashoshin hanya kamar tafin hannunsa: Takeita, Kance, Matamaye, sannan Ɗan Barto inda ƴan duwan da jandarmomi ke duba takardu, kafin a ƙetara Kwangwalam a nufi Daura da Kazaure. Tafiyar kimanin kilomita 240 ce. Abincin matafiyi a wannan hanya sananne ne: fura da nono, tsire, ko sandar raken Matamaye. Amma a ƴan shekarun nan wasu fatakenmu da ma'aikatan gwamnati sun fara wata sabuwar al'ada, wato cin abincin rana a manyan otel-otel na Kano, irin su Tahir Guest Palace da Bristol Palace.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, canji ne. Manya na tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, har ma'aikaci ya wayi gari albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Daga 1999 sefa na ɗaure da kuɗin Yuro. Ita kuwa naira, da hukumomin Abuja suka sake ta a watan Yuni na 2023, ta gangaro daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya har ta haura 1,500 a 2024. Da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mai jika goma a aljihu ya tarar ƴan canji na miƙo masa damin takardu. Sai dai kada a ruɗu, tsadar kaya a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, ta cinye wani ɓangare na wannan riba.

Mun gwada ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. An jera abinci cikin tukwanen ƙarfe masu murfi, kowa na ɗiba da kansa, abin da suke kira bufe: dafa-duka, soyayyar shinkafa, farfesun kayan ciki, gasasshen kifi, da ɗan abincin Kwarori. Kifin ya gasu yadda ya kamata, farfesun ma ba laifi. Tuwon shinkafar ne ya ba mu kunya. Miyar taushen ba daddawa, ba yaji, kamar an dafa ta domin baƙon da ke tsoron barkono. Kowace mai tuwo a tashar Matamaye za ta fi kukun nan hannu. Da alama manyan otel na ɗaukar abincin gida a matsayin cikon teburi kawai.

Inda ya kamata mai karatu ya buɗe ido shi ne wajen biya. Farashin da aka rubuta a takardar abinci sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Ana iya ɗora masa harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairu na 2020, da kuma ladan hidima. Ruwan kwalba da lemo daban ake lissafa su. Ma'aikacin da ya zo da ƴan kuɗin guzurin aiki, ya gayyaci abokai uku don a ga ya isa, zai iya barin kuɗin kwanansa a kan faranti. A tambaya tun kafin a zauna, babu abin kunya a ciki.

To, me ake saye ke nan? A ganinmu ba abincin ba ne, wurin ne. Wanda ya sayar da wake a Dawanau, ko yake son ɗaukar atamfa bashi a Kantin Kwari, na bukatar awa guda cikin sanyi da natsuwa, nesa da ƴan kamasho da kunnuwan maƙwabta, inda zai buɗe littafin lissafi shi da abokin cinikinsa. Ga irin wannan alhaji, kuɗin abincin wani ɓangare ne na jari. Wanda kuwa yunwa kaɗai ta kawo shi, masar Sabon Gari da tsiren bakin tasha na nan suna jiransa, kuma motar Ɗan Barto ba ta jiran mai cokali mai yatsu.