Ciwon Hanta Nau'in B da Ƙwayar HIV

A garin Sabha da ke kudancin Libiya, a unguwanni irin su Mahdiya, akwai baƙi da yawa daga Nijar da Najeriya waɗanda suka biyo ta Agadas. A can ko a gida, idan idanun mutum suka yi rawaya, fitsarinsa ya yi ja, ga kasala da tashin zuciya, sai a ce shawara ce, a nemo saƙe-saƙi. Sau da yawa kuwa alama ce ta sabon kamun ciwon hanta nau'in B, wanda kan bayyana wata ɗaya zuwa shida bayan shigar ƙwayar.

In gwaji ya tabbatar da haka, likita yakan nemi a gwada HIV ma, wato ƙwayar da ke jawo ƙanjamau. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin zargi, alhali dalilinsa a fili yake. Hanyar shigar ƙwayoyin biyu ɗaya ce: jima'i, ƙarin jinin da ba a tantance ba, allura ko askar wanzami da ba a tsabtace ba, ko daga uwa zuwa jariri. Abin da ya faru a Bengazi a 1998 shaida ne, inda yara fiye da 400 suka kamu da HIV a asibitin yara, da yawansu kuma har da ciwon hanta.

Dalili na biyu ya fi nauyi. A cikin manya 100 masu lafiya da suka kamu da nau'in B, ba a cika samun fiye da 5 da ciwon zai zauna musu ba, sauran jikinsu ne ke kawar da shi. Amma HIV tana raunana garkuwar jiki, don haka ciwon ya fi zama daram, ya fi saurin lalata hanta, wani lokaci har ya kai ga kansa.

Sai kuma batun magani. Tenofovir da lamivudine suna aiki a kan ƙwayoyin biyu. Idan aka ba mutum ɗaya kaɗai don hanta, ba a san yana ɗauke da HIV ba, ƙwayar tana iya sabawa da maganin ya daina yi mata tasiri. Shi ya sa ake gwaji tukuna, kuma akan maimaita bayan 'yan makonni, domin sabon kamu ba ya nunawa nan take.

Nau'in B dai yana da allurar rigakafi, wadda Najeriya ta sa cikin rigakafin jarirai tun 2004. HIV ba ta da ita har yanzu.