Ciwon Suga Ba Ya Hana Yaro Zama Likita

A gidaje da dama a Gusau da kewaye, ranar da aka ce yaro yana da ciwon suga, ranar ake fara yi masa kallon wanda ba zai yi nisan kwana ba. A cire shi daga makarantar kwana, a daina matsa masa kan karatu, in kuwa mace ce a shiga rufa-rufa kada ta rasa mijin aure. Tausayi ne, ba shakka, amma irin wanda ke nakasa yaro fiye da ciwon kansa.

A 1920 wani matashin likita ɗan Sikotilan mai suna Robert Lawrence yana koyon aikin tiyata a asibitin King's College da ke Landan, sai ɓarɓashin ƙashi ya fantsama masa a ido. Idon ya ruɓe, aka kwantar da shi, a nan ne gwaji ya nuna yana da ciwon suga. A zamanin babu magani sai horon yunwa. Ya haƙura da tiyata, ya tattara ya koma birnin Florence na Italiya don ya mutu nesa da idon danginsa. A daidai lokacin, can a Toronto ta Kanada, Frederick Banting da Charles Best sun gano sinadarin insulin a 1921, aka kuma fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Janairun 1922. Da maganin ya iso Landan, wani abokin aikin Lawrence ya aika masa da waya cewa ya dawo maza-maza. Ya iso a 1923 a galabaice, aka yi masa allura, ya miƙe. Sauran rayuwarsa kaf a kan wannan ciwo ta ƙare: ya shugabanci sashen masu suga a asibitin, a 1934 kuma shi da marubuci H. G. Wells suka kafa ƙungiyar masu ciwon suga ta Birtaniya. Bai rasu ba sai 1968. Haka George Minot na Amurka, wanda insulin ya ceto, ya ci lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1934.

Sirrinsu ba wani abu ba ne illa gano ciwon da riƙe magani, kuma nan ne Zamfara ke da aiki a gabanta.

Tuwo ne ko fura ko shinkafa, jiki suga yake mayar da su, insulin kuma shi ke shigar da sugan cikin tsoka ya zama ƙarfi. A nau'in ciwon suga na biyu, wanda ya fi kama manya kuma shi ne kusan tara cikin goma, insulin ɗin yana nan amma ba ya aiki sosai. Gado da ƙiba da yawan zama duk suna da hannu. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ne ke daina samar da shi. Ba shan alewa ke kawo shi ba, ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne.

Alamominsa a yaro ba ɓoyayyu ba ne. Wanda ya daɗe da barin fitsarin kwance ya dawo yana yi. Cikin dare yana ta zarya tsakanin randa da makewayi. Yana cin abinci hannu baka hannu ƙwarya, amma wandonsa sai zamewa yake. Kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. In aka yi sake, sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri su biyo, daga nan sai suma. A wannan gaɓar ce ake asarar yara da yawa, domin sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a kira mai kemis ya ɗaura ruwa, wani lokacin ma ruwan mai suga ne. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, cikin minti guda. Idan awo, a ma'aunin mmol/L, ya kai 7.0 kafin karya kumallo, ko 11.1 a kowane lokaci tare da waɗannan alamu, asibiti za a nufa a ranar. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce manya kusan miliyan 3.6 ke da ciwon a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba.

Bayan an gano, sai kuma masu ba da shawara su yi caa. Mai mota da lasifika a bakin kasuwa zai rantse garinsa na raba mutum da suga har abada. Babu irin wannan maganin, kuma mai nau'i na ɗaya da ya ajiye allura zai iya rasa ransa cikin kwanaki. Zuma tana ɗaga suga. Tuwon alkama da ake ta zuzutawa, in aka cika kwano da shi, bai fi na dawa ba. A rage malmala, a yawaita wake da zogale da rama. Insulin ba ya jure zafin bazara, ba ya kuma son ƙanƙara. Inda babu wuta, a sa shi cikin roba mai murfi a ajiye a tukunyar ƙasa da ke kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Mutanen Tsafe da Bungudu, da yadda hanya take a 'yan shekarun nan, kada su jira sai kwalbar insulin ta ƙare kafin su shigo Gusau. Idan sugan mai ciwon ya faɗi, da rawar jiki da gumi da jiri, a ba shi suga ko lemon kwalba nan take. In ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Batun azumi kuwa, a ga likita tun cikin Sha'aban.

Yaron da ya tashi da wannan tsari ya riga sa'o'insa shiga ajin likitanci. Ya iya karanta na'urar awo, ya san lissafin allura, ya san abin da tsadar magani ke yi wa aljihun uba. In ya ce wa majiyyaci allura ba abin tsoro ba ce, za a yarda da shi. Aikin dare da dogon tsayuwa suna bukatar shiri, gaskiya ne, amma shiri ne kawai. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya a Tsafe, ga makarantar koyon jinya da ungozoma a Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ga mai son shekara shidan karatun likita. Abin da za su nema shi ne sakamako mai kyau a darussan kimiyya.

Don haka iyaye su bar yaran nan a makaranta, su sanar da malamai halin da ake ciki, malamai kuma su ƙyale su su ci abu ko su fita idan bukata ta taso. Wanda ya ga alamun da aka zayyana a gidansa, ya kai yaron Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ya ce a auna masa suga.