Ƙarancin Ruwa a Bauchi: Tattalin Ruwa Ya Zama Jarin Manomin Rani

Bauchi — Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, ruwa yakan koma haja mai tsada a birnin Bauchi da kewayensa, har zuwa faɗuwar wata daminar a wajejen watan Mayu. A tsawon waɗannan watanni, magidanci a cikin gari da mai lambu a bayan gari duk abu guda suke nema, watau ruwan da sama ta zubar cikin watanni biyar zuwa shida kacal.

Babban abin dogaron birnin shi ne madatsar ruwa ta Gubi, mai nisan kimanin kilomita 12 arewa da gari, wadda aka gina a shekarun 1980 domin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 38. Tun daga wancan lokaci birnin ya bunƙasa ainun, sababbin unguwanni sun tsiro, amma girman madatsar bai ƙaru ba. Har ila yau, ƙasar Bauchi tana bisa dutse ne, saboda haka ba ko'ina ake haƙa rijiyar burtsatse a dace da ruwa mai yawa ba.

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2014 Bankin Duniya ya amince da kashi na uku na shirin gyaran harkar ruwan sha a birane, wanda ya shafi jihohin Bauchi da Ekiti da Ribas. A ƙarƙashin shirin ne aka faɗaɗa matatar ruwa ta Gubi daga lita miliyan 45 zuwa miliyan 75 a kowace rana, aikin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Mayun 2022. Sai dai faɗaɗa matata yana ƙara yawan ruwan da ake tacewa ne kawai, ba ya ƙara wanda ke kwance a madatsa.

Ta fuskar noma kuwa, shirin Fadama na ƙasa da aka soma a farkon shekarun 1990, wanda Jihar Bauchi na cikin waɗanda suka fara cin gajiyarsa, ya sauya jigo da ƙananan injunan ban-ruwa masu amfani da fetur. Wannan ya bai wa manoma damar faɗaɗa noman tumatir da albasa da tattasai da alayyafo da ake kaiwa kasuwannin Muda Lawal da Wunti. To amma ya kuma haifar da ɗabi'ar malala ruwa a kwami fiye da buƙatar shuka, tun da a lokacin man fetur yana da araha.

Wannan lissafi ya rushe a ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, farashinsa kuma ya ninka. Daga nan duk ruwan da ya malale a banza a lambu, kuɗin mai ne ya tsiyaye daga aljihun manomi, wanda daga bisani mai sayen kayan miya zai biya.

Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa noma ne ke lashe kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan'adam ke ɗiba a duniya. A ma'aunin hukumar, ban-ruwa ta hanyar malala yana kai kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan ga amfanin shuka, na yayyafi kashi 75, yayin da na ɗigo, wanda siririn tiyo ke ɗiga ruwa a gindin kowace shuka, ke kai wa kashi 90. Isra'ila ce ta bunƙasa wannan dabara a shekarun 1960, kuma ƙaramin samfurinta ba ya buƙatar inji a kullum, illa tankin da aka ɗaga bisa gado ruwan ya gangaro da kansa.

Babban cikas shi ne tsadar kayan aikin a karon farko, da kuma toshewar ƙofofin tiyon idan ruwan yana da laka. Amma akwai matakan da ba su buƙatar jari: ban-ruwa da sanyin safiya ko da yamma, daidaita kwami don kada ruwa ya taru a gefe guda, rufe gindin shuka da ciyawa ko buntun shinkafa, da zuba takin gargajiya mai taimaka wa ƙasa riƙe laima.

A nan ne aikin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi da malaman gonarsa yake, tare da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Muddin aka sama wa ƙungiyoyin manoma rance mai sauƙi na sayen kayan ban-ruwa masu tattali, aka kuma toshe yoyon bututan cikin gari, ruwan da ke akwai zai iya kai jama'a ƙarshen bazara. In ba haka ba, tsadar ruwa za ta ci gaba da bayyana a farashin kwandon tumatir da na jarkar 'yan garuwa.